Kira ga masu talabijin ɗin filasma a Kaduna kan tabon allo da rikicewar sigina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a sana'ata ta gyaran rediyo da talabijin a nan Kaduna, wato yadda jama'a ke lalata talabijin ɗin filasma da hannunsu ba tare da sun sani ba, sannan su ɗauko shi a keke su kawo mana shago bayan aikin gama ya riga ya gama.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani bawan Allah mai gidan kallon ƙwallo da ya kawo mini filasma mai inci 50 a makon jiya. Da na kunna ta na sa farin hoto, sai ga akwatin da ake rubuta sakamakon wasa ya fito raɗau a kusurwar sama, ga kuma tambarin tasha a ɗaya kusurwar, alhali babu dikoda ko eriya a jikinta. Ya ce mini: "Malam, gas ɗinta ne ya ƙare, a taimaka a ɗura mata." Na zaunar da shi na yi masa bayanin cewa wannan tabo ba shi da magani, kuma na ga yadda jikinsa ya yi sanyi, domin da rance ya saye ta. Tun ranar abin yake damuna, saboda da wani ya gaya masa magana ta minti biyar a ranar da ya saya, da wannan asara ba ta same shi da wuri haka ba.

Kafin komai, ya kamata mu warware wani ruɗani na suna. A wajenmu, duk talabijin mai shafaffen allo da ake maƙalawa a bango filasma ake ce masa, tun daga wanda ake jerawa amarya a kayan ɗaki har zuwa na falon maigida. Mafi yawan sababbin da ke kasuwa yanzu kuwa LED ne, kuma aikinsu daban yake. Filasma ta ainihi tana da nauyi, fuskarta gilashi ne mai kauri, kuma idan ta yi awa guda a kunne za ka ji ɗumi idan ka kusantar da tafin hannunka. Lambar da ke jikin takardar bayanta ma tana faɗa: na Samsung kan fara da PS ko PN, na Panasonic da suka fito daga Turai kan fara da TX-P, na LG kuma harafin P ne ke bin adadin incin. Wanda bai san irin abin da yake da shi ba zai riƙa bin shawarar da ba tasa ba.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. A shekarar 1964 aka ƙirƙiro ta a Jami'ar Ilinoyi ta Amurka, a hannun Donald Bitzer da Gene Slottow da ɗalibinsu Robert Willson, kuma sai a wajen ƙarshen shekarun 1990 manyan talabijin masu launi masu inci 42 suka shiga kasuwa. Abin da ya fi shafar mu shi ne ƙarshen labarin: Panasonic ya fita daga sana'ar a watan Maris na 2014, Samsung da LG kuma suka bi sahu kafin shekarar ta ƙare. Ke nan duk filasmar waɗannan kamfanoni da ka gani a rumfunan masu kayan wuta na hannu, ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ne ko a Kasuwar Barci, ta haura shekara goma da ƙerawa, kuma ba a ƙera mata sabon allo. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ni ban ga laifin mai saye ba, domin hoton filasma mai lafiya yana da kyau ƙwarai, baƙinta baƙi ne sosai, kuma ƙwallo ba ta yin jela a kanta idan ana gudu. Abin da nake nema shi ne a san yadda za a riƙe ta.

Allon filasma gilasai biyu ne da aka haɗa, a tsakaninsu akwai ƙananan ɗakuna da ido ba ya iya rarrabewa, har sama da miliyan biyu a mai matsakaicin kaifi, sama da miliyan shida a mai cikakken kaifi. A cikin ɗakunan akwai iskar niyon da zinon. Idan wuta ta ratsa iskar sai ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya daki wani sinadari da aka shafe bangon ɗakin da shi, mai suna fosfo, wanda ke bayar da ja ko kore ko shuɗi. Kowane ɗaki da fitilar kansa ke nan, kuma fosfo yana tsufa gwargwadon yadda aka yi aiki da shi. Idan duk ɗakunan suna tsufa tare, babu wanda zai lura, sai dai hasken ya ragu a hankali cikin shekaru. Amma idan wani sashe ya yi ta haskawa da ƙarfi a wuri guda yayin da na gefensa ke canzawa, zai riga su tsufa, kuma siffar abin da ya tsaya a wurin za ta zauna. Kamar tabarma ce da aka bar rabinta a rana wata da watanni: idan ka shimfiɗa ta gaba ɗaya za ka ga iyakar inda ranar ta ci. Daga nan za a gane cewa maganar ɗura gas ba ta da tushe. An rufe iskar ruf tun daga masana'anta, babu bakin da ake ɗura ta kamar na firji ko na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba ƙarancinta ne ke kawo tabo ba. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai ɗura wa talabijin gas, ya ci haƙƙinka.

Tabon iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana sa wasu su yar da talabijin mai lafiya. Akwai inuwa ta ɗan lokaci, wadda ke bayyana bayan hoto ya tsaya na minti ashirin ko awa guda, kuma tana gushewa da kanta idan aka sa hoto mai motsi wanda ya cika allo na wasu mintoci ko awoyi. Akwai kuma ƙunar dindindin, irin ta mai gidan kallon nan, wadda ke taruwa cikin makonni da watanni. Inuwar farko gargaɗi ce. Idan kana ganinta kullum a wuri guda, to kana kan hanyar ta biyu.

Yanzu mu dubi yadda muke kallo a garin nan. A gidan kallon ƙwallo, ranar Asabar ana jera wasanni tun da rana har dare, kuma akwatin sakamako da agogon wasa ba sa motsawa daga kusurwarsu. Talabijin da ke aiki awa 10 a rana yana cin awa 3,650 a shekara, kuma kusan dukansu a tasha ɗaya. A gidaje da yawa ana barin tashar da ke nuna ɗawafi ko tashar wa'azi a kunne tun safe har magariba domin a riƙa jin karatu, wanda abu ne mai kyau, sai dai tambarin tashar da layin rubutun da ke ƙasa suna nan daram duk tsawon yinin. A shagunan aski da wuraren sayar da abinci haka abin yake da tashoshin labarai. Yara kan dakatar da wasan kwamfuta ko fim su fita, a bar hoton a daskare. Akwai kuma wanda mutane ba sa kawowa a ransu ko kaɗan: saƙon da dikoda ke nunawa idan kuɗin wata ya ƙare ko sigina ta ɗauke, wanda farin rubutu ne a tsaye cak, kuma sau da yawa a kansa ake yin barci har asuba. Tsofaffin finafinanmu na Hausa da aka ɗauka da ƙaramin faɗi su ma suna barin baƙin shafi a dama da hagu, kuma a nan tsakiyar allon ce ke tsufa ta bar gefuna, sai daga baya a ga layi biyu a tsaye.

Maganin farko, wanda ya fi kowane tasiri kuma ba ya cin ko kobo, shi ne rage ƙarfin hasken hoto. Masu sayarwa kan bar talabijin a yanayin da ake kira Dynamic ko Vivid domin ya ɗauki ido a rumfa, mai saye kuma ya kai gida ya bar shi a haka har abada. A mayar da shi Standard ko Cinema, a sauke kwantaras, wato saitin da aka rubuta Contrast, zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan. Kwana biyu ido zai saba, kuma za a ga fatar mutane ta dawo launinta na gaskiya. Idan hasken taga ne ke sa hoton ya dusashe, a sa labule ko a canza wa talabijin bango, maimakon a ƙure masa haske. Na biyu, kamfanonin sun san wannan rauni, shi ya sa suka sa kariya a cikin jerin saituna. A Samsung sunanta Pixel Shift, a Panasonic Pixel Orbiter, a LG kuma tana ƙarƙashin ISM Method da sunan Orbiter. Aikinta shi ne gusar da hoton gaba ɗaya da ɗan ƙanƙanin taki lokaci zuwa lokaci, yadda gefen tambari ba zai tsaya a kan ɗakuna guda ba. Cikin talabijin da ake kawo mini, da yawa nakan tarar an kashe ta ko ba a taɓa kunna ta ba. Sai dai kada a dogara da ita kaɗai, domin tana sassauta gefen tabo ne kawai, ba ta hana tsakiyar babban tambari tsufa.

Ga masu gidajen kallo, shawarata ita ce a yi amfani da hutun rabin lokaci da tsakanin wasanni a sauya tasha ko a kashe allon, kuma mai talabijin biyu ko uku ya riƙa musanya musu aiki. Ga masu sauraron karatu, yawancin waɗannan talabijin suna da wurin kashe hoto a bar sauti. Idan babu, a haɗa sautin dikoda da sifika a kashe talabijin ɗin, wanda zai rage kuɗin wuta ma. A saita agogon kashe kai kafin a kwanta. Idan ana kallon tsohon fim, a buɗe hoton ya cika allo, ko a mayar da shafin gefe ruwan toka idan akwai wannan zaɓi. Idan inuwa ta fara bayyana, akwai farin sanda mai yawo daga gefe zuwa gefe da Samsung da Panasonic suka tanada, da farin wanki na LG mai suna White Wash. Suna goge inuwar ɗan lokaci. A kan tsohuwar ƙuna kuwa, iyakar abin da suke yi shi ne tsufar da sauran allon ya matso kusa da wurin da ya ƙone, don haka barin su kwana da kwanaki ɓarna ce a kan ɓarna.

Mai niyyar sayen ta hannu kada ya yarda a gwada masa da waƙa ko fim mai yawan motsi da launuka, domin wannan yana ɓoye kowane tabo. Ya tafi da filas mai ɗauke da hoto fari fat, da ruwan toka, da ja, da kore, da shuɗi, kowane ya cika allo, ya duba kusurwoyi huɗu da ƙasan allon a wuri mai inuwa. Ya kuma karanta takardar baya: wanda aka yi don Amurka bolt 120 yake ɗauka, tamu wutar kuwa 230 ce, kuma na ga waɗanda suka ƙone a daƙiƙar farko saboda wannan. Wajen ɗauko ta gida a tsaye ake ɗaukar ta, ba a kwantar da ita, saboda nauyin gilashin kan sa ya tsage a kan gargadar hanya.

Sai batu na biyu, wato rikicewar sigina, wanda fuska biyu gare shi: abin da filasma ke yi wa wasu na'urori, da abin da ake yi mata. Na farkon ne ba a cika sani ba, kuma shi ya fi taɓa ni, domin Kaduna garin rediyo ne. Tun da aka kafa gidan rediyon Arewa a nan a 1962, zamanin Sardauna, ga kuma Sashen Hausa na BBC da ya fara tun 1957, dattawanmu ba su rabu da akwatin rediyo ba. Domin ta haskaka ɗakunan nan, filasma tana kunna wuta mai ƙarfin kusan bolt 200 tana kashewa sau dubbai masu yawa a cikin daƙiƙa guda, kuma wannan yana watsa hayaniya a iska wadda ke faɗawa daidai kan matsakaicin zango da gajeren zango. FM ba ta cika jin jiki ba. Wani dattijo ya taɓa kawo mini rediyonsa sau biyu yana cewa ƙugi yake yi da daddare, ni kuma duk lokacin da na gwada shi a shago sai in ji shi garau. Da na bi shi gida na tarar bangon ɗakinsa ɗaya ne da na falon maƙwabcinsa, inda aka maƙala filasma. Alamar da ke tona asirin wannan hayaniya ita ce tana canza murya tare da hoton: idan allo ya yi fari sai ƙugin ya ƙaru, idan ya yi duhu ya ragu. Gwajin kuma mai sauƙi ne, a riƙe rediyo mai batir a kunne, a kashe talabijin daga soket, a saurara.

Ana iya rage ta sosai. Akwai wani baƙin zobe mai suna ferait, irin ƙullin nan da ake gani a wuyan wayar cajar kwamfuta, wanda ake maƙalawa a wayar wuta da ta HDMI, wato wayar da ke kawo hoto da sauti daga dikoda, dab da jikin talabijin, domin wayoyin ne ke zame wa hayaniyar eriya. Talabijin ɗin filasma da yawa an sayar da su tare da waɗannan zobba, amma kafin su iso hannunmu an canza musu waya. A rage tsawon wayoyi, a tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa mai aiki, abin da gidaje da yawa ba su da shi duk da ramuka uku da ake gani a soket. A nan ina da magana da 'yan'uwana masu gyara: murfin ƙarfen da ke bayan filasma garkuwa ce, kuma idan yaron shago ya mayar da shi da kusoshi huɗu a maimakon duka, ko ya yar da ƙananan soson ƙarfen da ke haɗa shi da firam, to ya mayar da talabijin ɗin tashar watsa ƙugi. Shi kuma mai rediyo ya nisanta shi daga bangon, ya riƙa juya akwatin a hankali idan matsakaicin zango yake saurare, domin eriyar cikinsa tana da ɓangaren da ba ta ji. Duk da haka, wani kaso na hayaniyar daga fuskar allon yake fita, kuma babu zoben da zai tare shi. A irin wannan hali sai fahimtar juna, kuma a gidan dattijon nan da maƙwabcin ya gane abin da ke faruwa, da kansa ya mayar da talabijin ɗin wani bango.

Haka nan allon yana fitar da irin hasken da rimot ke aiki da shi, shi ya sa wani lokaci dikodar da aka ajiye dab da ƙasan gilashin take yin nauyin ji, a yi ta danna rimot ana dukansa da tafin hannu. A matsar da dikodar gefe ko a sauke ta ƙasa kaɗan kafin a sayi sabon rimot.

Fuska ta biyu ita ce hoton da ke daskarewa, ko ya farfashe gida-gida, ko a ga layuka suna hawa sama a hankali. A mafi yawan lokuta talabijin ba shi da laifi, kuma ana iya tabbatarwa kafin a biya kuɗin keke: a sa faifai ko filas, idan hoto ya fito lafiya to matsalar tana tsakanin rufi da dikoda. Babban mai laifi shi ne wayar dish mai araha wadda saƙar ƙarfen cikinta ba ta da yawa, sai kuma kan wayar da aka bari a buɗe a waje, ruwan damina ya shiga ya yi tsatsa. A sayi wayar dish mai suna RG6 mai cikakkiyar saƙa, a naɗe mahaɗar da tef, a bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango domin ruwa ya ɗiga a waje, kuma kada a ɗaure ta tare da wayar wuta ko ta inbata a tafi da su doguwar tafiya. Ɗaukewar sigina lokacin da hadari ya haɗu a watan Agusta kuwa ba lalacewa ba ce, ruwan sama ne ke shanye siginar ƙananan dish, kuma tana dawowa idan ya tsagaita. Abin yi a lokacin shi ne a zare filogi da wayar dish saboda tsawa. Layukan da ke hawa sama galibi a wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ake ganinsu, kuma sukan tafi idan aka haɗa dikoda da talabijin a soket ɗaya ko aka koma HDMI. Tun bayan da aka ƙaddamar da tsarin dijital a Kaduna a ƙarshen 2017, wasu kan kawo filasma suna cewa ba ta kama tashoshi da eriya, alhali na'urar kamun cikinta ce ta girmi tsarin DVB-T2 da Najeriya ta ɗauka, kuma dikoda kawai take buƙata.

Ƙaramin janareta ma yana da nasa rabon. Tartsatsin filoginsa yana shiga hoto idan yana kusa da wayar eriya, sannan tsohuwar filasma mai inci 50 kan sha wat 300 ko fiye, kuma shan nata yana hawa da sauka tare da hasken hoto, yadda za ka ji injin yana nishi duk lokacin da allo ya yi fari. Wannan hawa da sauka yana gajiyar da sashen wutar talabijin, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe ramukan iskar baya aka shiga zafin Maris da Afrilu a haka. A bar tazara tsakaninta da bango, a share ramukan da busasshen buroshi bayan an zare filogi, kuma kada wanda bai iya ba ya buɗe bayanta, domin akwai wutar da ke saura a ciki bayan an kashe.

Malam Edita, roƙona biyu ne. Na farko ga shugabannin masu sayar da kayan wuta na hannu a kasuwanninmu, su sa ya zama al'ada a nuna wa mai saye farin allo kafin ya biya, kuma a sauke masa hasken a kunna masa kariyar hoto tun a rumfa. Na biyu gare ka, idan da hali ka ware ɗan gurbi a jaridar nan ko sau ɗaya a wata inda masu karatu za su aiko da tambayoyi kan na'urorin gida, masu sana'a su amsa da Hausa, domin littattafan da ke zuwa da waɗannan kaya, idan ma sun iso, ba da harshenmu aka rubuta su ba. Ni a shirye nake in riƙa amsa abin da ya shafi rediyo da talabijin ba tare da an biya ni ba.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Mai gyaran rediyo da talabijin,
Tudun Wada, Kaduna.